Muryar Inna tana cikin akwati: mu ceto tsofaffin kaset tun da sauran lokaci



Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe akwatin ƙarfen da ya dawo da shi daga Abijan tun muna yara. A ƙarƙashin tsofaffin riguna da takardun lanho muka tarar da kaset 17 ɗaure cikin wani tsumma. Yawancinsu babu rubutu a jiki. Guda ɗaya kaɗai aka rubuta wa kalma da ajami: Inna. Haka mahaifinmu yake kiran mahaifiyarsa, wadda ta rasu ina aji biyu a lekol, har na manta kamannin fuskarta, balle muryarta.

Ɗoki bai bar ni na yi tunani ba. Na aiki yaro ya aro mini rediyo mai kaset a gidan wani maƙwabci, rediyon da ya fi shekara goma a ajiye ba a taɓa shi ba. Na hure masa ƙura, na sa pil, na jefa kaset na danna. Sai ga muryar tsohuwa ta cika tsakar gida. Tana gaida ɗanta, tana ba shi labarin shekarar nan ta 1984 da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari: ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye, an rufe iyakar Najeriya, an sayar da san noma a farashin tunkiya. Daga nan ta ce akwai wani bawan Allah da ya aiko musu da dami shida na hatsi cikin dare, bai yarda kowa ya sani ba. Ta ce tana so ɗanta ya riƙe sunan mutumin nan, shi da ƴaƴansa, kada su manta da alherinsa. Ta ɗauko sunan ke nan sai muryar ta fara ja, ta yi ƙasa, ta tsaya cak.

Da na buɗe, sai na ga zaren ya nannaɗe a jikin ƙarfen da ke jan sa, ya cukurkuɗe, ya tsinke. Abin da ya lalace bai wuce kamu biyu ba. Zaren kaset kuwa tafiyar santimita 4.76 yake yi a kowace daƙiƙa, wato kamu biyu wajen daƙiƙa 20 ke nan na magana. A cikin daƙiƙa 20 ɗin nan sunan mutumin yake. Na bi tsofaffin garinmu da suka rage, wannan ya ce wane ne, wancan ya ce a'a, wane ne. Amanar da kakata ta aika har bakin teku, ta dawo, ta yi shekara 40 tana jira cikin akwati, ni na ɓatar da ita da hannuna a ƙasa da minti biyar. Ban ga laifin maƙwabcina ba, ban ga na rediyo ba. Gaggawa ce tawa da rashin sani.

Shi ya sa nake wannan rubutu. Ina da yaƙinin cewa daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, da wuya ka shiga unguwa ka rasa gidan da ke da irin wannan akwati. Ra'ayina shi ne ceto abin da ke cikin kaset-kaset ɗin nan aikin iyaye ne da malaman makaranta, kuma aikin bana ne, domin baɗi wasu sun riga sun mutu.

Me ke cikinsu?

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Su Turawa kiɗa suka fi sa masa. Mu da ya iso mana, sai muka mai da shi wasiƙa. Kafin zuwansa, matar da mijinta ya tafi biɗa Abijan, ko Kumasi, ko Ikko, ko Libiya, dole ta nemo ɗan lekol ko malamin unguwa ya rubuta mata, can ma a nemo wani ya karanta wa mijin. Sirrin gida sai ya bi ta hannun mutum biyu kafin ya isa, kuma abin da kunya ta hana ta faɗa wa mai rubutu ya tafi ke nan. Da kaset kuwa, sai a jira dare ya yi, a ajiye rediyo a kan tabarma, tsohuwa ta fara, matan gida su biyo, a ɗago yara ɗaya bayan ɗaya su ce "Baba, ina gaishe ka", a ba direba ko wani mai tafiya ya kai. Iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe alƙalami ba, a nan kaɗai suka bar maganarsu da bakinsu.

Ba wasiƙu kaɗai ba. Akwai tafsirin azumi na malamin garinku wanda bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Akwai zabiyar da ta yi waƙa a bikin iyayenku. Akwai kirarin ƴan kokawa da mutane suka riƙa ɗauka daga Muryar Sahel tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975. Akwai Ɗan Gurmu, da Ma'azu Ɗan Alalo, da Mamman Gawo Filinge, da Shata, wasu a wasan da aka yi a ƙofar gidan wani attajiri ba a sake yin irinsa ba. Akwai tsohon da aka zaunar ya faɗi asalin gari da iyakokin gonaki.

Mu malamai kuma wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Ƙungiyar Rediyo-Kulob ta Nijar da aka kafa a 1962, da yawa daga masu tafiyar da ita a karkara malaman lekol ne. Su ke rataya na'urar ɗaukar magana su bi manoma da makiyaya, a sa muryarsu a rediyo, a taru da dare a saurara a tattauna. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, akwai kuma IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai ɗakin ajiyar muryoyi. Sun yi nasu ƙoƙari. Amma babu cibiyar da za ta shiga ɗakin mahaifiyarka ta buɗe akwati. Wannan sai kai.

Me ya sa ba za a jira ba?

Zaren kaset leda ce siririya, faɗinta bai kai milimita 4 ba, an shafa mata garin ƙarfe da wani irin danƙo. A jikin garin ƙarfen nan murya take kwance. Duk abin da ya taɓa ledar, ko danƙon, ko garin, ya taɓa muryar. Ƙasarmu kuwa ta tara abokan gabansa duka. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, to ina ga cikin akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano? Zafi yana lanƙwasa gidan kaset, yana sa zaren ya manne da juna. Da hunturu ƙura tana shiga, ta riƙa kankare zaren duk lokacin da ya juya. Da damina laima tana kawo fumfuna. Wanda ya ga ambaliyar 2024, wadda ta rushe gidaje a Maraɗi, ta kai har ga faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram, ya san inda akwatunan da ke ƙarƙashin gado suka kwana.

Duk da haka kaset yana da taurin rai. Da yawa daga na shekarun 1980 suna nan suna magana. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne na'urar da za ta karanta su. Manyan kamfanonin da suka yi suna da ƙera rediyo mai kaset na ƙwarai yawancinsu sun daina, kayan gyara suna ƙarewa, masu gyaran rediyo a kasuwanninmu sun tsufa, yaransu kuma sun koma gyaran salula. Tun a 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa zuwa wajen 2025 juyar da irin waɗannan zaruruwa zai daina zama abu mai sauƙi saboda ƙarancin na'urori. Lokacin da suka ambata ya riga ya zo.

Akwai kuma abu na uku da ke tafiya, wanda babu mai gyaransa: tsofaffin da za su saurara su ce "wannan muryar wance ce, a gidan wane aka ɗauka, shekarar da aka yi kaza". In suka kau, kaset ya zama muryar baƙo.

A fara da na'ura

Darasin da na koya da tsada shi ne: ba a fara da kaset mai daraja. A nemi tsohon rediyo na kamfanin kirki, ko irin na'urar nan ta kaset zalla da ake haɗawa da lasifika, wadda gidajen rediyo da masu kiɗan biki suka yi amfani da ita. Tsohuwa mai lafiya ta fi sabuwar araha. In akwai zaɓi, a ɗauki wadda take da kafar fitar da sauti a baya, ja da fara, ko aƙalla kafar abin saurare na kunne.

A kai ta wurin mai gyara tun kafin a sa mata komai. A cikinta akwai zobban roba da ke juya injin. In sun daɗe sukan saki, wasu ma su narke su zama kamar kwalta. Su ne ke sa murya ta yi ja ko ta yi rawa, kuma in wanda ke naɗe zaren ya gaza, zaren sai ya taru ya nannaɗe. Abin da ya ci mini Inna ke nan. Canza su ba wani babban aiki ba ne ga wanda ya iya.

Sai wanki. In ka buɗe ƙofar kaset za ka ga ɗan ƙarfe mai sheƙi a tsakiya, wanda zaren ke gogawa. Shi ne kai, shi ke karanta murya. A gefensa akwai siririn ƙarfe a tsaye da ƴar tayar roba baƙa, su ke matse zaren su ja shi. A sami auduga a kan tsinke, irin ta goge kunne, a jiƙa ta kaɗan da alkol ɗin farmasi mai ƙarfin 90, a goge kan da siririn ƙarfen har auduga ta daina fitowa da launin ƙasa. Tayar robar a goge ta da auduga mai ɗan damshin ruwa, don yawan alkol yana busar da roba. A bari su bushe sarai. Kada a kusanto da wuƙa ko allura wurin kan. In ana aiki da tsofaffin kaset, a maimaita wankin nan bayan kowane biyu ko uku, domin suna zubar da gari.

A ajiye na'urar a kan tebur mai daidai, a inuwa, nesa da taga, a rufe ta da zane in an gama. Wuta ma a kula da ita: pil da ya fara rauni yana rage gudun zare, muryar mace ta koma ta namiji. In kuran ɗin unguwa yana hawa yana sauka, gara sabon pil ko batirin sola. In na'urar tana da maɓallin zaɓen irin zare, a bar shi a kan Normal, don kusan duk kaset ɗin kasuwanninmu irinsa ne. Maɓallin Dolby kuma a kashe shi, sai in an rubuta a jikin kaset cewa da shi aka ɗauka.

Bayan duk wannan, a gwada ta da kaset ɗin da ba a jin asararsa, a bar shi ya tafi daga farko har ƙarshe, gefe biyu. In ya fita lafiya, to. In murya tana fitowa a dushe kamar an rufe bakin mai magana da bargo alhali an wanke kan, akwai ƴar kusa a gefensa da ake murɗawa kaɗan-kaɗan har maganar ta washe. Wannan a bar wa mai gyara ya nuna maka sau ɗaya tukuna.

Sannan a duba kaset ɗin

Abu na farko, kafin komai: a saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. A ɓalle su. In babu su, jan maɓallin nan na ɗauka ba ya dannuwa. Gidaje nawa ne yaro ya shafe wa'azin kakansa da waƙar da ya ji a rediyo saboda kunnuwan nan suna nan?

A ɗaga shi a haske a leƙa ta ƴar tagarsa. In an ga fari-fari kamar gari a jikin naɗin zaren, fumfuna ce. Irin wannan a ware shi daban, kada a sa shi a na'ura, don zai ɓata kan ya kuma shafa wa na bayansa. A bar shi sai an sami wanda ya san aikin. A duba bakin kaset, a bayan zaren akwai ɗan soso ƙarami da ke danna zaren a jikin kai. Yakan faɗi in ya tsufa, kuma in babu shi magana ba ta fita. Ana iya ciro na wani kaset a manna. Sai a zura bik a ramin, a juya a hankali, a ji ko zaren yana tafiya ba tare da tirjewa ba. In ya tirje kada a tilasta. In gidan ne ya lanƙwashe, ana kwance kusoshinsa a ɗauke naɗin zaren biyu a mai da su cikin gidan wani kaset mai lafiya. A lura da lambar da ke jiki: C60 minti 30 ne kowane gefe, C90 minti 45, C120 kuwa awa guda, amma zarensa ya fi kowane siranta, shi ya fi saurin tsinkewa.

In zare ya tsinke, mun saba ɗaure shi ko mu liƙa da sikoc. Ɗauri yana lalata wurin gaba ɗaya, danƙon sikoc kuma yana tsatsowa da zafi ya manne zaren da ke kusa. In babu abin liƙi na musamman, a yanka sikoc ɗan mitsitsi, a sa a bayan zaren, wato gefen da ke kallon cikin gida, a juye maganar nan take.

Wurin ajiya: kowane kaset cikin kwalinsa, a tsaye kamar littattafai a jere, a naɗe zaren zuwa ƙarshe. Ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano sanyi. A ɗora su sama, nesa da daɓe da bangon da ke jiƙa. A nisanta su da bayan lasifika da duk abin da ke da mayen ƙarfe, don yana goge murya. Kada a bar su a gaban mota ko a taga.

A juye, a rubuta, a raba

Duk kulawar nan jinkirta mutuwa kawai take yi. Ceton gaskiya shi ne a juye maganar zuwa kwamfuta. Ana haɗa waya daga kafar fitar da sauti zuwa kafar shigar da sauti ta kwamfuta. In kwamfutar ba ta da ita, akwai ɗan akwatin USB da ake sa wa a tsakani. Manhajar Audacity kyauta ce, ta kuma isa. A daidaita ƙarfin sauti kada ya riƙa bugun ja, a bar kaset ya tafi da gudunsa na asali, kada a yi amfani da maɓallin juyi mai sauri. A ajiye asalin a tsarin WAV, wanda ke cin wajen mega 10 a minti ɗaya, sannan a fitar da MP3 don rabawa. Wanda aka tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya an matse shi, bai kamata ya zama shi ne na ajiya ba.

Wanda ba shi da kwamfuta fa? Kada ya ce sai ya samu. Ya jira dare ya yi tsit, ya rufe ɗaki, ya kashe fanka, ya hana kira shigowa salularsa, ya ajiye ta tazarar taƙi ɗaya daga lasifika, ya ɗauka. Ba zai kai na waya kyau ba, amma da babu gara ba daɗi. Da na yi ko wannan a daren farko da na'ura mai lafiya, da yau na san gidan da zan kai gaisuwa.

Katin memori yana mutuwa ba sallama, salula tana faɗawa rijiya, ana kuma sace ta. Don haka a yi kwafi uku, a ajiye a gidaje daban-daban, ɗaya ma a wani gari. Kaset ɗin kansa kada a yar bayan an juye. Kuma a sayi kaye guda: kowane kaset a ba shi lamba, a rubuta wa ke magana, da wa yake yi, a ina, wace shekara, me aka faɗa. A zaunar da tsofaffin gida a saurara tare, su ne za su cika kayen.

Rabon makaranta

A watan Maris na 2025 kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tun 1973 kuma aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram. Amma duk malamin da ya taɓa riƙe aji mai harshe biyu ya san kukanmu: littattafai ba su isa ba, waɗanda ke akwai kuma wani lokaci Hausarsu ba ta yi kama da ta gidan yaron ba. Ga Hausa tsantsa nan a cikin akwatunan iyayen ɗalibanmu, ta Katsinawan Maraɗi, ta Gobirawa, ta Adarawa, ta Damagarawa, ta Arawa, kowa da karinsa.

Na gwada a ajina na CM2. Na sa musu minti biyar na maganar Inna, inda take labarin yunwa, na ce kowa ya rubuta kalmar da bai sani ba. Suka cika rabin allo: sunayen ganyayen da aka ci a shekarar, sunayen ma'aunai, kalmomin gaisuwa da ba a yi yanzu. Na ce su kai gida su tambayo. Washegari yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba shi ya fi kowa magana, don kakarsa ta riƙe shi har dare tana ba shi labari. Daga minti biyar ɗin nan muka sami darasin tarihi, da na rubutun Hausa, da na yanayin ƙasa. Bayan mako guda iyaye uku suka aiko da kaset suna tambaya ko mushe zai iya fitar musu da abin da ke ciki.

Ba kowace makaranta ke buƙatar na'ura ba. Guda ɗaya mai lafiya ta ishi makarantun da ke haɗuwa a CAPED ɗaya. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata su ɗauki nauyin gyaranta da pil, a sami malami ɗaya ya koyi aikin ya koya wa saura, a sa rana ɗaya a mako iyaye su kawo nasu a juye musu a gabansu, su koma da abinsu. Ranar 27 ga Oktoba ita ce ranar da UNESCO ta keɓe don kayan tarihi na sauti da hoto, ta kuma faɗo a farkon shekarar karatu. Me zai hana a mai da ita ranar sauraren kakanni a makarantunmu?

Abin da za a ce mini

Wani zai ce: Malam, yara suna zaune a ƙasa cikin ajin zana, babu tebur, babu littafi, kai kana zancen kaset? Gaskiya ne, kuma ni ma a irin ajin nan na fara aiki. Amma tebur in ba a samu bana ba, ana iya samu baɗi, zai kuma yi amfani. Muryar da ta goge babu kasafin kuɗin da zai dawo da ita. Abin da aikin yake ci kuma bai kai abin da muke kashewa a bikin ƙarshen shekara ba.

Wani zai ce ai komai yana intanet yanzu. Shata yana YouTube, haka ne. Kakarka tana can? Limamin garinku da ya rasu yana can?

Magana mafi nauyi ita ce ta sirri, kuma ban raina ta ba. Wasiƙar kaset ba don duniya aka yi ta ba. A ciki akwai bashi, akwai ƙorafin kishiya, akwai zancen auren da bai yiwu ba, akwai sunayen mutanen da ƴaƴansu ke raye. A cikin kaset 17 na mahaifinmu, akwai biyu da muka saurara ni da yayata kaɗai, muka juye, muka rufe. Ƙa'idar da nake ganin ta dace ita ce: manyan gida su fara saurare, su ne za su ce wannan a kai makaranta, wannan ya tsaya a gida. Malami ba shi da ikon riƙe kwafi sai da izini, kuma babu wanda ya isa ya ɗora muryar mamaci a Facebook ko TikTok don neman dariya. Waƙoƙin makaɗa kuma, adanawa daban, juyawa don sayarwa daban. Suna da magada, akwai kuma hukumar BNDA mai kula da haƙƙinsu.

Akwai kuma ƴan uwa da suke tattara kaset-kaset ɗin gida su ƙona don suna ganin duk kiɗa ne. Ba zan shiga gardamar malamai ba. Roƙona kawai shi ne a saurara kafin a kunna ashana. Kaset ɗin da kwalinsa ke da hoton mawaƙi, sau da yawa an shafe waƙar an ɗauki wani abu a kai. A namu, cikin kwalin wani mawaƙi muka tarar da karatun Alƙur'ani na kakanmu.

Ba kewar zamanin kaset nake yi ba. Yana da shuu, yana tsinkewa, salula ta fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma a lura, saƙonnin muryar da iyayenmu ke tura wa ƴan ci-rani yau ta WhatsApp su ne wasiƙun kaset na wannan zamani, kuma mu da kanmu muke goge su duk ranar da salula ta ce ta cika. Wanda ya koyi darajar na jiya zai san abin da zai ware daga na yau.

Sauran kaset 16 ɗin sun fita lafiya, bayan mai gyara ya canza zobban roba muka bi su ɗaya-ɗaya. Na Inna ma na liƙa shi, na juye abin da ya saura. Ƴata ƙarama, wadda aka sa wa sunanta, takan ce a sa mata "tsohuwar nan mai sunana". In aka zo wurin da maganar ta yanke, sai ta tambaye ni wane ne ya kawo hatsin. Nakan ce mata mu yi masa addu'a, Allah ya san shi.

Ku buɗe akwatunanku a wannan mako. In kun sami kaset, kada ku yi irin tawa: ku ɓalle kunnuwan, ku kai rediyo wurin mai gyara, ku kira tsofaffi su zauna kusa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanarsu.